Gorar Tsakar Gidan Shekarau

A Tungar Maɗaci, a gida na ƙarshe kafin a gangara rafi, akwai gora tsaye a tsakar gida. Ba a sare ta, ba a shanya a jikinta, ba a ɗaure akuya a gindinta. Kuma ba shuka ta aka yi ba.

Maigidan, Shekarau, sana'ar gora yake yi. A kurmin da ke hayin rafi yake saro ta, ya yi gadaje da kujeru da tsani. Doka ɗaya ya gada daga ubansa: gorar da ba ta ga damina uku ba, ba a sa mata adda. Kafin ya sara yakan ƙwanƙwasa da ƙeyar adda ya saurara. Wadda ta ƙosa amonta kamar ƙarfe, ɗanya kuwa sai ta yi dum kamar kabewa.

Wata safiya a tsakiyar damina yana ratsa kurmin, ya ƙwanƙwasa wata sabuwar fitowa, ba don zai sara ba, don dai hannu ya saba. Sai aka ƙwanƙwaso masa daga ciki.

"Wane ne a ƙofa?" in ji wata murya.

Shekarau ya ja da baya, ya nemi tsari. "Ni ne Shekarau mai gora. Mutum ko aljan?"

"Aljan, ya ɗan Adam, kuma mai aiki a gabansa. Nan birnin masu tsayar da gora ne. Ka dawo bayan damina uku, ka same ta ta ƙosa."

"Tsayar da gora kuma? Ba ita ke tsayuwa da kanta ba?"

Muryar ta yi dariya. "Kai da kake karya toho da yatsa biyu? Tohon nan da sandar da ke dakusar maka da adda abu ɗaya ne. Abin da ke tsakaninsu aikinmu ne."

Ranar bai sari komai ba, ya koma gida.

'Yarsa ɗaya ce, Rakiya, shekararta bakwai. Ƙasusuwan ƙafarta ba su taɓa yin ƙwari ba, in an tsayar da ita sai su lanƙwashe kamar toho. An kai ta asibitin birni, an kai ta wurin maɗora, an dawo da ita yadda aka kai ta. Da jan jiki take zagaya gidan. Sunan mahaifiyar Shekarau aka sa mata, don haka shi Uwata yake ce mata. Matarsa Hajo kuwa kunya biyu ta hau kanta, ga 'yar fari ga sunan suruka, ba ta taɓa furta sunan ba tun ranar suna.

"Baba, yau gorar ce ta kore ka?" in ji Rakiya daga kan tabarma. "Na ga ka dawo hannu Rabbana."

Ya tsuguna kusa da ita. "Uwata, in aka ce ki zaɓi abu ɗaya a duniya, me za ki zaɓa?"

"In leƙa bayan dangar can."

Gajeriyar danga ce mai fuskantar rafi. Kowane yaro a garin yana iya ɗora haɓa a kanta.

"Ai nakan ɗaga ki ki leƙa."

"Ɗagawa daban. Kana ɗaga ni kana nishi kamar ka ɗauki buhun dawa, kafin in ga wani abu ka sauke ni. So nake in tsaya in yi ta kallo har sai ni na gaji."

"Ke 'yar nan," in ji Hajo daga bakin murhu, "bar mutum ya sha ruwa."

Da gari ya waye Shekarau ya haye rafi, ya ƙwanƙwasa gorar, ya ce ya zo roƙon abin da suke tsayar da toho da shi. Wata ƙofa ta buɗe a gindinta. Ko shi ya ƙanƙance ko gorar ce ta buɗe, bai taɓa iya faɗa ba. Ya ga wani tsoho kore shar, gemunsa kamar saiwa.

"Ni ne Sarkin Ƙofa," in ji tsohon. "Miƙo addarka."

Ya shinshina kaifin daga gindi har tsini, ya mayar masa. "Ba ta taɓa shan ruwan ɗanya ba. Da ta taɓa, nan za ka kwana har abada. Shiga. Birninmu hawa-hawa ne, kowace gaɓa unguwa. Masu abin da kake nema suna sama. Za ka bi kogi, kada ka sha."

Kogin daga sama yake gangarowa, ruwansa zaƙi kamar zuma, ƙamshinsa yana sa ƙafa ta mutu. Ganye ne ke dafa shi da rana da iska da ruwa, ya sako shi ƙasa don ciyar da birnin. A gaɓar kogin Shekarau ya ga wasu halittu kwance, baki a ruwa, ciki ya kumbura, sun manta abin da ya kawo su. Ya yagi bakin rigarsa ya ɗaure baki, ya kama hawa ta gefen bango, ruwan yana dukan ƙirjinsa.

Yana cikin hawa sai bangon ya tsage. Tsutsar gora ce ta huda daga waje, irin wadda yake murjewa da babban yatsa, amma a nan girmanta ya kai na dorina. Aljanun unguwar suka watse suna kururuwa. Shekarau ya kai mata sara a ciki, addar ta zame a kan kitse. Ya san tsutsa ba ta da wuri mai tauri sai baƙin kanta, kuma wuyanta yana nan bayan kan. Ya bari ta kawo baki, ya cusa hannun hagu ya riƙe muƙamuƙin, ya sauke adda a wuyan. Ta mutu da ƙaramin yatsansa a bakinta. Ya ɗaure hannun da sauran ƙyallen, ya ci gaba.

Ya ratsa rufin gaɓar ta wata ƙaramar kafa, ya fito unguwar ɗakuna. Ɗakuna ne ba iyaka, jere a kan jere, kowanne an saƙa bangonsa da farin zare, kowanne da mai shi guda a ciki. Zaren yana da ƙarfin ja amma ba ya iya tsayuwa, iska kaɗan sai unguwar duka ta yi layi. Wani mai gadi ya ce masa duk wanda ya jingina da bango zai rufta da ɗaki dubu. Shekarau ya bi siririyar hanyar da hannu a ƙirji, jini yana ɗiga, jiri yana ɗibarsa, bai jingina ba.

A ƙarshen unguwar bangon ya fara sauya launi, daga fari zuwa ruwan ƙasa. Ya tarar da wata aljana a ɗakinta tana shafe bango da wani abu mai kama da ƙaro. Daga kusurwa ta fara, tana cike tsakanin zare da zare.

"Sannu da aiki, uwar ɗaki."

"Sannu, ya ɗan Adam. Wannan shi ne ƙaron tsayuwa. Shi kake nema?"

"Shi ne."

"To dube shi da kyau. Inda ya shiga, zare ya daina layi, ruwa ba ya ratsawa, haƙorin ƙwaro ba ya kamawa. Inda ya shiga kuma girma ya ƙare."

"Ke fa, in kin gama shafe ɗakin, ta ina abinci zai shigo miki?"

"Ba zai shigo ba. In bango ya gama, ni ma na gama. Ɗakin ya zama hanyar ruwa, na sama su sha." Ta ci gaba da shafe, ba ta ɗago ba. "Duk gorar da ka taɓa sara, kangon irinmu ce. Ba ƙorafi nake ba. Haka ake tsayuwa."

Masana tsirrai lignin suke kiran wannan ƙaro. Shekarau bai san wannan suna ba, kuma da ya sani ba abin da zai sauya.

A gaɓa ta gaba ya iske masu dafa shi, 'yan'uwa mata uku, kowace da tukunyarta. Daga kogin zaƙi suke ɗiba, su yi ta juyawa har ya tashi daga zaƙi ya koma wani abu dabam. Na ƙaramar garau yake kamar hawaye. Na ta tsakiya rawaya ne mai ƙamshin turare. Na babbar ja ne mai duhu. Ba wanda yake da danƙo a cikinsu, ruwa ne tsululu. Masu dako suna kwasa ɗigo-ɗigo suna kai wa jikin bango, can kuma maƙera suna jira, ƙanana kamar kiyashi, kowanne da zugazuginsa. Da maƙeri ya hura wa ɗigo iska sai ɗigon ya zabura ya cafki na kusa da shi, wannan ya cafki wani, ba tsari ba zaɓi, har su zama raga guda da ba a gane farkonta.

Shekarau ya durƙusa. "Ranku ya daɗe. 'Yata ba ta taɓa tsayuwa ba. Na zo roƙo."

"Mun ji labarin tsutsa," in ji babbar. "Yatsanka ya biya, ba ma binka komai. Amma ba mu taɓa ba wa mai jini wannan abu ba."

"Ku fara a kaina, ranki ya daɗe."

"Ba kanka ba ne, ya ɗan Adam, kanta ne."

'Yan'uwan uku suka dubi juna. Kowace ta ɗiga nata a wata 'yar batta, babbar ta kira maƙera suka shiga ciki suka kwanta, ta toshe bakin da kakin zuma.

"Saurara," ta ce. "Mu daga ƙasa muke farawa mu yi sama, kai ma haka. Daminar bana idon sawu. Ta baɗi gwiwa. Ta uku ƙugu, daga nan ka binne battar. Abin da ke sama ka bar shi ɗanye, can rai yake zama. Maƙera suna barci a ciki, iskar safiya ce ke tashinsu kaɗan-kaɗan. Kada ka tashe su gaba ɗaya."

"Na ji."

"Kuma ka sani," in ji ƙaramar, "yadda ya sami abu, haka yake kama shi."

Hanyar fita tana can ƙololuwa, inda ba bango ba ƙaro, komai taushi kamar tuwo, birnin yana ƙara tsawo ƙarƙashin ƙafarsa. Ya zame ta kan wani ganye, ya faɗo. Ya buɗe ido a gindin gorar, batta a hannun dama, yatsu huɗu a hagu.

Washegari ya shafa wa Rakiya a idon sawu biyu, ya mayar da kakin. Ta ce sanyi kamar an sa ƙafarta a randa. Kwanaki suka shuɗe. Kullum da safe sai ya latsa wurin, kullum sai ya ji ya ƙara ƙwari. Hajo ta fara waƙa a bakin turmi, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Sai Shekarau ya lura da wani abu. Shekarun jan jiki sun karkatar da sawun yarinyar zuwa ciki, kuma a karkace ƙaron yake kama su. In ya gama kamawa haka, za ta tsaya, amma a kan gefen ƙafa, har ƙarshen ranta.

Duk mai aikin gora ya san maganin karkatacciyar sanda. A bi ta kan garwashi a hankali, ta yi laushi, a miƙar da ita a gwiwa, ta huce a miƙe. Shekarau ya yi wannan sau dubbai, bai taɓa ƙona ko ɗaya ba. Wata safiya ya ɗebo garwashi a kasko, ya ajiye a bakin tabarma.

"Malam," in ji Hajo, "mutum ce fa, ba gora ba."

"Ɗumi ne kawai, ba zai taɓa fata ba. In na bari ya kama a haka, kin san ba gyara."

"An ce ka yi hakan?"

"Ba a hana ba."

"Inna, bar shi," in ji Rakiya. "Kujera zai yi da ni. Baba, in ka gama ka sayar da ni da tsada."

Ya riƙe sawun sama da kaskon, yana juyawa, yana hura garwashin. Wurin ya yi laushi kamar yadda ya zata. Ya miƙar da na dama, ya miƙar da na hagu, suka huce a miƙe sak. Aikin ya yi kyau.

Kafin hantsi ya ɗaga, sai Rakiya ta ce sanyin ya hau ƙwaurinta. Kafin rana ta take, sai ta dafa turmi, ta miƙe. Ba wanda ya taimake ta. Ta taka, ta sake takawa, ƙafar tana dukan ƙasa kamar sanda, har ta isa dangar ta ɗora haɓa a kai.

Hajo ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe baki da zani. Shekarau ya yi ta hamdala. Maƙwabta suka cika gidan, wata ta yi guɗa.

Bayan azahar Hajo ta kawo abinci. "Ke 'yar nan, zo ki zauna ki ci."

"Gwiwar ta ƙi, Inna."

Shekarau ya taɓa gwiwar. Bai shafa komai a nan ba. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya ji amon da ya sani. Fatar ƙwaurin ta yi santsi, ta fara kore. Ya bar takalmansa a wurin, ya haye rafi a guje.

Ƙofar gorar ba ta buɗe ba, gindinta ya riga ya kama. Ta bango Sarkin Ƙofa ya amsa.

"Me ka yi, ya ɗan Adam?"

"Na gasa don in miƙar. Haka muke yi."

"Haka kuke yi wa wadda kuka sare. Wuta tana lausasa matacciyar gora, don maƙeranta sun daɗe da tafiya. A mai rai tashinsu take yi. Ka tashe su gaba ɗaya, ga ɗumi ga iskar bakinka. Sun sami zaƙi a jininta, suna dafa nasu suna ƙullawa. Ba za su tsaya ba sai sun kai ƙololuwa."

"Ku kwance shi. Ku ɗauki hannun duka, ku ɗauki ɗayan."

"Ba rowa muke ba. Ƙullin da maƙera suka yi ba ya kwancewa, don ba ƙulli biyu da suka yi kama da juna, mu kanmu ba mu san bakin zaren ba. Gara da ruɓa ne kaɗai ke warware shi, su ma sai bayan rai ya fita."

Shekarau ya kifa goshi a jikin gorar.

"Abu ɗaya ya rage," in ji tsohon. "Kafin ya wuce ƙirji, ka rufe sawunta da ƙasa mai laima, ka zuba ruwa. Ɗakin da ya mutu hanyar ruwa ne. Ba za ta zama 'yar da ka sani ba, amma ba za ta bushe ba. Yi sauri."

Ya iso gida la'asar ta yi. Mutane sun ja baya sun yi cirko-cirko a bakin zaure. Rakiya tana nan inda ya bar ta, koren ya kai haƙarƙari. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya ɗauki fartanya ya tara ƙasa a sawunta, Hajo ta juye tulu a kai, ta koma ta ɗebo wani.

"Baba, ka rasa kallo," in ji Rakiya. Muryar ta yi siriri, numfashin gajere. "Ashe hanyar kasuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. Kuma Goggo Tabawa ta zame a gangare da tulunta, ta tashi tana waige ko an gan ta. Na gan ta."

"Uwata, ni na yi miki wannan."

"Sawun sun miƙe kuwa?"

"Sun miƙe."

"To ai ka iya aiki."

Ya tsaya a gefenta, ya dubi abin da take duba: gangare, rafi, shanu suna hayewa, kurmin gora a can hayi. Koren ya kai kafaɗa.

"Kin gaji, Uwata?"

"Ban gaji ba tukuna."

Hajo ta ajiye tulu na uku. Ta zagayo gabanta, ta riƙe fuskar da hannu biyu, a gaban surukai da maƙwabta da kowa.

"Rakiya," ta ce. "Rakiya."

Wuyan ya riga ya ƙi juyawa, ido kawai yarinyar ta ɗago.

"Inna, ashe kin san sunan."

Ba ta ƙara magana ba. Kafin rana ta faɗi gaɓoɓi suka fito, ganyen farko ya buɗe a sama. Liman ya zo, ya daɗe a tsaye, ya ce shi bai ga abin da za a yi wa wanka ba, ya yi addu'a ya tafi.

Shekarau ya binne battar. Bai bar sana'a ba, don ba shi da wata, amma kasko bai sake shiga aikinsa ba. Karkatacciyar sanda a karkace yake amfani da ita, kuma kujerun Tungar Maɗaci na waɗannan shekaru duk ana gane su. Hajo ce ke ba gorar ruwa da rani. Tana kiran sunan yanzu, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga wasa.

Da damina ta uku ta wuce, Shekarau ya ɗauko adda, ya juya ƙeyarta, ya ƙwanƙwasa a hankali. Amon ya fita tar kamar ƙarfe. Ya ce tun da yake bai taɓa jin gora mai kyawun amo irin wannan ba. Ya kara kunne ya jira ko za a ƙwanƙwaso daga ciki.

Haka yake yi kowace safiya kafin ya haye rafi. Gorar ta wuce dangar da nisa yanzu, daga kwanar hanyar kasuwa ma ana hango ta.